Yadda na haɗa man dizal daga farar ƙasar Ƙanƙara da ragowar man tuya, da wuraren da na yi tuntuɓe

Makon jiya wata ɗaliba da ke bayana da shekara biyu a sashenmu ta same ni da wani farin gari a cikin 'yar roba, tana so in duba mata ko ziyolait ɗin da ake nema ne ta haɗa, wato wani ma'adini da muke haɗawa daga farar ƙasa. Na tambaye ta ko ta auna nauyin ƙasar kafin ta sa ta a tanderu da kuma bayan ta fito. Ta ce babu wanda ya ce mata ta yi haka. Ni ma a lokacina babu wanda ya ce mini, kuma rashin wannan awo da bai wuce minti biyar ba ya ci mini wata huɗu, ya ci kuɗin da har yau ban gama biyan yayana ba. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda aikin ya gudana tun daga farko, don duk wanda malaminsa ya ɗora wa irin wannan bincike ya san inda ramukan suke.

Digiri na biyu na yi a fannin injiniyan sinadarai, aikina kuma shi ne mayar da man girkin da aka gama tuya da shi ya zama bayodizal, wato man dizal da aka haɗa daga man girki. Man girki yana ci da wuta, amma kaurinsa ya kai kusan ninki goma na man gas, don haka inji ba ya iya fesa shi yadda ya kamata. Idan aka haɗa shi da metanol sai ya rabu gida biyu: mai tsinkakke a sama wanda inji zai sha, da gilisarin a ƙasa. Sai dai mai da metanol ba sa haɗuwa da kansu, sai an sa musu katalis, wanda aikinsa kamar na mai dalilin aure ne, ya haɗa su shi kuma ya koma gefe. Abin da aka saba amfani da shi shi ne sodar da ake sabulu da ita ko ɗan'uwanta, sinadarin da ake kira KOH, amma waɗannan narkewa suke yi a ciki, ba a iya kwaso su, kuma sai an wanke man da ruwa mai yawa. Burin masu bincike shi ne a samu katalis mai ƙwari da za a tace a sake amfani da shi. A nan ziyolait ya shigo. Ma'adini ne na silikon da alminiyom wanda jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne kamar saƙar zuma. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya raɗa masa suna a 1756, ma'anar sunan kuwa dutse mai tafasa, saboda tururin da yake fitarwa idan ya ji wuta. Matatun mai suna amfani da shi wajen fasa mai mai nauyi, ana kuma sa shi a garin sabulun wanki. Daga waje ake shigo mana da shi, alhali ana iya haɗa shi da farar ƙasa irin wadda ke jibge a Ƙanƙara ta jihar Katsina, da Alkaleri ta jihar Bauchi, da Ahoko ta jihar Kogi.

Bayan an janye yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a Oktoban 2022, aka ce mu gabatar da ƙudurin bincike cikin gaggawa. Na buga kwafi bakwai, na tsaya gaban malamai na minti goma sha biyar, aka amince. Kuskurena na farko yana cikin taken da na rubuta: na ce zan haɗa ziyolait nau'in Y, don shi ne na fi gani a takardun da na karanta. Ban san cewa nau'in Y yana buƙatar silikon da ya fi alminiyom yawa da sama da ninki ɗaya da rabi ba, ita kuwa farar ƙasa kusan kunnen doki suke a cikinta. Wato tun daga take na ɗaure kaina da nau'in da ya fi wahalar fita daga ƙasar da zan yi aiki da ita. Da na rubuta ziyolait kawai ban sa harafi ba, da na huta da zirga-zirgar da za ta zo a gaba.

Ita ƙasar ban je da kaina na ɗebo ba. Tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 mahaifina ya ce ko da wasa kada in kama wannan hanya. Wani direba abokin yayana da ke ɗauko kaya daga can shi ya kawo mini rabin buhu, na biya kuɗin mota da na goro. Abin da na yi daidai a nan shi ne na roƙe shi ya tambayi masu haƙar sunan wurin da aka tono ta, na rubuta, domin a ranar kare kundi sai da aka tambaye ni.

Neman man shi ne abin da na ɗauka zai fi komai sauƙi, sai ga shi ya ci mini mako uku. Takardun da muke karantawa daga Turai da Asiya suna magana kamar ragowar man tuya shara ne da ake neman wanda zai kwashe. A wajenmu ba haka ba ne. Na fara da gwaggona mai tuyar awara a ƙofar gida. Da na yi mata bayani sai ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wa kika ga yana zubar da mai? Man da ya ga wuta ai bai mutu ba." Ta nuna mini yadda take yi: da yamma ta tace shi da rariya, da safe ta ƙara sabo a kai, haka har abada. Wanda ya yi baƙi ƙirin kuma akwai masu saye da araha su zuba a abincin sayarwa. Na zaga wajen masu ƙosai da masu soya kifi da dankali, amsar ɗaya ce. Ga shi lokacin Fabrairun 2023 ne, ana tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi, su kuma ba sa karɓar tiransifa. Dabarar da ta fisshe ni ita ce musaya: in sayi sabon mai a shago ta waya, in ba mace lita ɗaya ta ba ni lita biyu na tsohon. Haka na tara lita ashirin daga wurin mutum shida. Tun daga ranar da na ga kalar man da ake soya wa yara ƙosai da shi kafin su tafi makaranta, aikin ya tashi daga neman takardar shaida kawai a wurina. Man da aka maimaita ɗora wa wuta yana lalacewa, yana kuma cutar da mai cinsa. Idan har za a samu mai saye da zai biya mai tuya kuɗin da ya fi na mai abincin sayarwa, wannan man ya fi dacewa da cikin janareta a kan cikin yaro.

Na juye duka a jarka ɗaya na girgiza, na tace da ƙyalle mai tsabta, na ɗora a wuta a digiri 110 har ya daina ƙara, alamar ruwan ciki ya fita. Ku tara duk man da za ku buƙata a lokaci ɗaya ku gauraya shi. Wanda ya riƙa karɓo lita ɗaya yau lita ɗaya gobe ba zai taɓa sanin ko katalis ɗinsa ne ya canja ko man ba.

Shiga ɗakin gwaji sai da takarda daga malamin da ke duba aikina zuwa ga shugaban sashe, shi kuma ya sa hannu zuwa ga babban ma'aikacin ɗakin, wani dattijo da kowa ke kira Baba. Kwana huɗu wannan ya ɗauka. Sinadarai kuwa kowa shi ke sayen nasa: metanol, soda, KOH, ruwan asid na salfa, takardar tacewa, safar hannu. Ku duba murfin kwalbar metanol da kyau kafin ku biya. Na taɓa sayen wata a wani shago da araha, ashe an sirka ta da ruwa, ruwa kuwa shi ne babban abokin gaban wannan aiki. Na jiƙa ƙasar kwana biyu, na dama, na tace sama-sama, na shanya. Daga nan sai gashi. Dole a gasa farar ƙasa a wajen digiri 650 zuwa 750 kafin ta yarda ta narke a ruwan soda, domin zafin ne ke korar ruwan da ke ɗaure a jikinta ya wargaza tsarinta. Idan aka zarce digiri 900 da yawa kuma sai ta koma wani abu mai taurin kai da ba ya haɗuwa da komai. Tanderun lantarki ɗaya ne a sashen, akwai littafin da ake rubuta suna, na jira kwana goma sha ɗaya. Ranar da layi ya zo kaina na cika kwanonin gashi har baki don kada in sake bin layi, na saita digiri 700 na awa biyu. Bai fi minti arba'in da kaiwa wannan zafi ba aka ɗauke wuta. Na bar ta a ciki ta kwana. Da safe na ga ta ɗan yi ja-ja, na ce a raina ai ta gasu.

Da wannan ƙasar na ci gaba. Na zuba mata ruwan soda da ƙarin silika, don silikon ya yi yawa, kamar yadda na gani a takarda, na rufe a kwalba na sa a oba a digiri 100 kwana ɗaya, na wanke, na busar. Na samu farin gari mai kyan gani. Baba ya ce mini, "Malama, ki kai a haska miki shi a na'ura tukuna." Na ce, "Baba, kuɗin ne babu, bari in tara samfurori in kai gaba ɗaya a ƙarshe." Bai ƙara cewa komai ba. Na jiƙa garin da KOH na shiga dafa mai. Wata biyu cur, Afrilu da Mayu, ina wannan aiki. Wata rana abin ya rabu gida biyu, wata rana ya fito kamar kunun gyaɗa, wata rana ya daskare kamar sabulun salo. Duk ranar da ya rabu sai in auna na saman in rubuta cewa na samu kashi 88 ko 90 cikin 100. Na cika shafi talatin da lambobi. Ban san cewa na saman yana iya zama man tuyan nan ne da bai canja ba, ya dai ɗan sha metanol.

A watan Yuni na haɗa kuɗin hasken XRD, wato na'urar da ke nuna tsarin ƙwayoyin abu. Lokacin an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na sinadarai duk sun tashi. Na tafi wani ɗakin bincike na gwamnati a Kaduna. Ga abin da aka buƙata a lokacin, don ni sai da na yi sawu biyu: takardar gabatarwa daga sashe mai ɗauke da hatimi, biyan kuɗi ta Remita tare da rasit a buge a takarda, da samfurin a niƙe lukui kamar hoda, a busashe, cikin 'yar kwalba mai suna. Naira dubu goma sha biyar na biya a kan kowane samfuri a lokacin, na kai uku. Aka ce in dawo bayan mako biyu, ya zama mako biyar saboda na'urar ta samu matsala kuma akwai layi. Da sakamakon ya zo na kai wa malamina ofis. Ya sa tabarau, ya bi zanen da bakin biro, domin kowane ma'adini yana da lambobin da tsininsa ke fitowa a kai. Ziyolait Y yana da tsini dogo a wajen lamba 6.2, nawa babu komai a wurin. Akwai tsini zanƙalele a 26.6, wannan yashi ne. Akwai a 12.3, wannan ɗanyar farar ƙasa ce da ba ta gasu ba. Akwai a 14 da 24.5, wannan sodalait ne, wani dangin ziyolait mai ƙofofin da suka yi ƙanƙanta ainun, wanda ke fitowa idan soda ta haɗu da ƙasar da ba ta gasu ba ko aka daɗe ana dafawa. Ya cire tabaran ya ce, "Duk abin da kika rubuta a kan wannan garin ba zai shiga kundi ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, wata huɗu ne fa." Ya ce ya sani. Na fito na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a bayan sashe na yi kuka mai isata, sannan na kira yayana na ce masa zan sake daga farko.

Zagaye na biyu Baba ne ya tsaya a kaina. Ya sa na jiƙa ƙasar kwana uku, in dama ta sosai a bokiti, in bari minti kaɗan yashi ya kwanta, in tsiyaye farin ruwan saman ta rariya mai ƙofa mikiron 75, in maimaita har sau uku. Kusan rabin abin da na jiƙa ya tafi a yashi da tsakuwa. Mu uku masu jiran tanderu muka yi karo-karo muka sayi man janareta don kada wuta ta yanke mana. Na baza ƙasar siririya a kwanoni maimakon in cika su. Sannan ya koya mini awon da nake magana a kai: farar ƙasa tsantsa tana rasa kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinta idan ta gasu, domin ruwan jikinta ya fita. Sai a busar da ita a oba tukuna, a auna giram 100, a gasa, a sake aunawa. Tawa ta fito giram 87. Da a karon farko na yi haka, da sikeli ya gaya mini gaskiya a ranar, kyauta.

Malamina ya ce mu bar nau'in Y mu koma nau'in A, wanda silikon da alminiyom ɗinsa daidai suke da na ƙasar, ba ya buƙatar ƙari. Wannan ya jawo canjin take. Akwai fom da ake cikewa, malami ya sa hannu, ya je kwamitin sashe da ke zama sau ɗaya a wata, ya wuce tsangaya, ya ƙare a makarantar karatun gaba da digiri. Mako goma ya ɗauka. Ku riƙe kwafin kowace takarda da aka sa wa hannu, ku kuma ci gaba da aikinku a ɗakin gwaji, kada ku zauna jira. Haɗin kansa bai da wuya: gasasshiyar ƙasa giram 10 a cikin mililita 100 na ruwan soda mai ƙarfin mola 3, a juya, a bar shi ya kwana a zafin ɗaki, sannan a sa a oba a digiri 90 zuwa 100 na awa huɗu zuwa shida. A yi shi a kwalbar roba mai jure zafi, domin soda tana cin gilashi. Wankewa ce ke cin rai, sai an yi ta zuba ruwa mai tsabta ana tacewa har ma'aunin pH ya sauko ƙasa da 10. Bayan na busar, Baba ya ɗebi kaɗan da ya fito daga oba ya huce a rufe, ya zuba a 'yar kwalbar gwaji, ya ɗiga ruwa, ya miƙo mini ya ce in riƙe. Na ji gindin kwalbar ya yi ɗumi a tafin hannuna. Ziyolait busasshe yana fitar da zafi idan ya sha ruwa. Wannan ba hujja ba ce da za a rubuta a kundi, amma ta isa ta sa mutum ya kashe kuɗin haske da ƙwarin gwiwa. Wannan karon samfuri ɗaya tak na aika, ban taɓa mai ba sai da sakamako ya dawo. Tsinaye suka fito a 7.2 da 10.2 da 12.5 da sauran wuraren da ake tsammani, da ɗan guntun yashi a 26.6. Ku nemi a ba ku lambobin a fayil, ba hoton zanen kaɗai ba, domin 12.5 na ziyolait A da 12.3 na ɗanyar ƙasa maƙwabta ne, ido ba ya raba su a hoto. Da hoton SEM, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ya zo kuwa na ga ƙwayoyin masu kusurwa huɗu reras kamar an zubar da dunƙulen magi a faranti. Na daɗe ina kallon hoton nan a waya.

Sai na koma kan man, na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, wato auna tsaminsa. Tuya tana farfasa mai ta saki asid a ciki, shi kuma wannan asid da ya haɗu da soda ko KOH sai sabulu. Awon bai da tsada: a narkar da man a barasar gwaji, a ɗiga sinadarin da ke canja kala, a riƙa ɗiga ruwan KOH har ya koma ruwan hoda. Nawa ya ba da 8.6, wato asid ɗin ya haura kashi 4 cikin 100, alhali ana so ya sauko wajen kashi 1. Ashe kunun da na yi ta samu a baya sabulu ne. Na dafa man da metanol da asid na salfa kashi 1 cikin 100 a digiri 60 na awa biyu, awon ya sauko ƙasa da 2.

Gwajin farko da ziyolait zalla kusan bai ba da komai ba, kuma dalilin yana da muhimmanci. Ƙofar ziyolait A ba ta wuce nanomita 0.4 ba, ta nau'in Y ma 0.74 ce, ƙwayar man girki kuwa ta fi su girma nesa ba kusa ba. Mai ba ya shiga ciki, a bakin ƙofa ake cinikin. Don haka ziyolait a wannan aiki marikin KOH ne, shi ke ɗauke da shi a bayansa. Na jiƙa shi da KOH kashi 10, 15, 20 da 25, na busar a digiri 110, na gasa a 500 na awa uku. Na kashi 25 tsarinsa ya fara rushewa. A adana shi a rufe ruf, yana shan danshi da iskar ɗaki ya mutu cikin kwanaki. Dafuwar kuma a tulun gilashi mai baki uku ake yi, da bututun sanyaya tururi a sama, domin metanol yana tafasa a digiri 64.7. Famfon ɗakinmu ba ya kawo ruwa kullum, sai na sa bokiti da ƙanƙara da ƙaramin famfon tankin kifi. Ranar da ƙanƙarar ta narke ban lura ba, metanol ya gudu, na koma gida da ciwon kai mai tsanani. Kada ku yi wasa da shi, yana makantarwa yana kisa, ku buɗe tagogi, kada kuma a kunna wuta kusa. Abin da ya fi yi mini kyau shi ne mai giram 100, metanol mililita 55, katalis mai KOH kashi 20 giram 5, digiri 60 zuwa 63, awa uku. A lissafi kashi uku na metanol ke haɗuwa da ɗaya na mai, amma katalis mai ƙwari yana son a ninka, nawa goma sha biyu ne. Na tace katalis, na zuba a mazurari mai famfo ya kwana. Da safe gilisarin ya kwanta a ƙasa ja-ja kamar zuma, kusan giram goma, na sama kuma garau kamar shayi marar madara.

Kafin ku kai kowane samfuri GC-MS, na'urar da ke tantance sinadaran da ke cikin mai, ku yi gwajin da masu haɗa bayodizal a gida suke yi: mililita 3 na man a cikin mililita 27 na metanol, a girgiza. Bayodizal na gaskiya narkewa yake yi tas, man da bai canja ba kuma sai ya taru a ƙasa kamar ƙwayar ido. Na gwada ragowar samfurorina na Afrilu da wannan hanya, waɗanda na rubuta wa kashi 90, fiye da rabi ya kwanta a ƙasa. Sabon kuwa kaurinsa ya sauko daga 38 zuwa 4.9, ma'aunin Amurka na ASTM D6751 ya yarda da 1.9 zuwa 6.0. GC-MS ya nuna kashi 91 cikin 100 bayodizal ne, ma'aunin Turai na EN 14214 yana neman 96.5. Wani abokin karatu ya ce in ɗan gyara lambar, na ƙi, na rubuta yadda ta zo.

Sake amfani da katalis shi ne dalilin aikin gaba ɗaya, a nan kuma na samu abin da ya fi damuna. Karo na biyu ya ba da 84, na uku 70, na huɗu ya faɗo kusan rabi. Malamina ya sa na dafa katalis da metanol kaɗai, na tace shi na cire, na dafa mai da wannan metanol ɗin. Sai ga bayodizal ya fito, ba mai yawa ba amma ya fito. Ma'ana wani ɓangare na KOH ɗin yana zubewa daga jikin ziyolait yana narkewa, shi ke yin wani kaso na aikin. A ganina duk wanda ya ce ya haɗa katalis mai ƙwari bai yi wannan gwaji ba, bai gama aikinsa ba. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ranar kare kundi tambayarsa ta biyu kenan, na buɗe masa shafin, ya gyaɗa kai ya wuce.

Da na tattara rasit, abin da na kashe ya haura naira dubu ɗari huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku a kan zagayen da ya lalace. Da zan sake, kuɗin haske zan fara warewa kafin in sayi kwalbar metanol ko ɗaya, in auna tsamin mai a makon da na karɓo shi, in ajiye giram ashirin daga kowane mataki a kwalba mai kwanan wata, domin an nemi in maimaita wani awo bayan wata shida kuma ajiyar ce ta cece ni. Gilisarin da ruwan wanki kuma akwai metanol da soda a ciki, a tara su a jarka a miƙa wa ma'aikatan ɗakin gwaji, kada a zuba a kwata inda awaki da kaji ke sha.

Ita ɗalibar da ta zo da farin gari na ba ta ragowar wankakkiyar ƙasata, na ce ta ɗebi giram 100 daga cikin tata da ta ce ta gasu ta sake sa ta a tanderu ta auna. Shekaranjiya ta turo mini saƙo cewa ta fito giram 92, wato yawancin ruwan yana nan a jikinta tun farko. Ta rubuta sunanta a littafin tanderu, layinta ranar Alhamis ne, sun kuma haɗa kuɗin man janareta su huɗu.